Yadda Ake Ɗaukar Fim Ɗin Ƙwari da Sauran Ƙananan Halittun Ƙasa

Mai ɗaukar zaki ko giwa, nisa ne matsalarsa. Mai ɗaukar tururuwa, gizo-gizo, kunama ko ƙadandoniya kuwa, kusanci ne ke ba shi wahala. Da zarar ka matso da kyamara har kan fara ya cika allo, iskar da fatarka ma ba ta ji ba sai ta kaɗa ganyen ya fice daga hoto, haske ya ragu, abin da ya fito tar a hoton bai wuce milimita ɗaya ko biyu ba. Duk wannan akwai maganinsa, kuma za mu zo kansa. Sai dai tun daga farko a san cewa a wannan aiki, wanda ya san abin da ƙwaron zai yi nan da minti biyar shi ke komawa gida da fim. Tsadar kyamara tana biyo baya ne.

Mataki na farko: zaɓi hali, ba dabba ba

"Zan yi fim a kan gizo-gizo" ba shiri ba ne tukuna. "Zan nuna yadda gizo-gizo ke saƙa yanarsa daga zaren farko har ya kama ƙuda" shi ne shiri, domin yana da farko, yana da tsakiya, yana da ƙarshe, kuma kana iya rubuta hotunan da kake buƙata ɗaya bayan ɗaya.

Ga mai farawa, ban ga abin da ya kai zanzaro ba. Macen ce ke gini, kuma tana komawa wuri ɗaya sau da yawa a yini. Za ta sauka bakin jiƙaƙƙiyar ƙasa, ta dunƙula laka da bakinta da ƙafafunta na gaba, ta tashi da ita, ta liƙa a bango tana lailayawa har ɗaki ya tashi. Daga nan ta tafi farauta. Wasu nau'o'in tsutsa suke kawowa, wasu gizo-gizo. Harbin da take yi wa abin da ta kamo ba ya kashe shi, shanye masa jiki kawai yake yi, don ya zauna bai ruɓe ba har ɗanta ya ƙyanƙyashe ya ci. Ta saka ƙwai, ta toshe ƙofa da laka. Wurare biyu ne kacal za ka kafa kyamara, wato wurin ɗibar laka da wurin gini, kuma ita za ta riƙa zuwa ta same ka. Idan hoton farko bai yi ba, za ta dawo ta sake ba ka dama.

Rubuta jerin hotunan a takarda kafin ka fita: wurin daga nesa, saukarta, bakinta a cikin laka, tashinta, isowarta, ginin daga gefe, ginin daga sama. Wannan takardar ce za ta gaya maka abin da ya rage lokacin da ka gaji kana ganin kamar ka gama.

Mataki na biyu: kallo ba tare da kyamara ba

Nan ne mutane ke gaggawa, nan ne kuma fim ke samuwa ko ya lalace. Ka je wurin da littafin rubutu kaɗai. Rubuta lokacin da dabbar ta fito, ta ina take bi, me ke korar ta, rana tana ta wane gefe, akwai raɓa ko babu.

Waɗannan halittu zafin jikinsu yana bin na wurin da suke. Da sassafe mazari da malam-buɗe-littafi suna zaune shiru a kan ciyawa, raɓa a fukafukansu, kana iya matsowa dab da su ba su motsa ba. Rana na ɗagawa sai su gagare ka. Saboda haka hoton fuska da na zanen fiffike na safiya ne, hoton tashi da farauta kuma na hantsi. Gara mai fiffike takan fito ne bayan ruwan sama, kuma fitowar ba ta daɗewa. Kunama, shanshani, dodon koɗi da ƙadandoniya yawancinsu na dare ne ko na lokacin danshi.

Karanta abin da masana suka rubuta a kan dabbar, ko ka nemi mai nazarin ƙwari a wata jami'a ka yi masa tambayoyi. Ga amfanin hakan. Masu bincike na Jami'ar Lund ta ƙasar Suwidin, ciki har da Marie Dacke, sun yi aiki a kan buzuzu a Afirka ta Kudu, kuma a 2013 suka wallafa cewa wani nau'insa na dare yana bin farin layin taurarin nan da ke ratsa sararin sama don ya gangara da dunƙulen kashinsa a miƙe. Sun kuma nuna cewa kafin buzuzu ya fara turawa, yakan hau saman dunƙulen ya jujjuya yana duban sama, kuma yakan sake yin haka idan wani abu ya karkatar da shi. Wanda bai san wannan ba zai bi buzuzun da kyamara yana ta rasa saiti, wato hoton ba ya fitowa tar. Wanda ya sani zai saita lensinsa a kan saman dunƙulen ya jira.

Idan wurin gandun daji ne da hukuma ke karewa, nemi izinin ɗauka tun da wuri. Wasu nau'o'in ma, kamar babbar baƙar kunamar nan Pandinus imperator, suna cikin jerin yarjejeniyar CITES mai kula da cinikin namun daji tsakanin ƙasashe, ba a ƙetare iyakar ƙasa da su sai da takarda.

Mataki na uku: lensi da matsalar saiti

Abin da ake buƙata shi ne lensin makro wanda ke kaiwa 1:1, ma'ana girman abin a kan idon kyamara daidai yake da girmansa na zahiri. Mai tsawon milimita 90 zuwa 105 ya fi dacewa, don yana barin 'yar tazara tsakaninka da dabbar, ba ka tsorata ta ba, ba ka kuma tare mata haske ba. Wanda ba shi da shi yana iya saka zoben ƙari tsakanin kyamara da lensin da yake da shi, ko ya juya lensin baya ya koma gaba da zoben da aka yi don haka. Akwai kuma ƙananan lensin da ake maƙala wa waya, kuma suna aiki fiye da yadda ake zato idan haske ya wadata.

Akwai wani siririn lensi mai tsawo, irin Laowa mai milimita 24 da ya fito a 2018, wanda ake cusawa cikin ciyawa ko bakin rami. Kyansa shi ne yana nuna ƙwaron kusa, yana kuma nuna duniyar da ke bayansa, sai mai kallo ya ji kamar shi ma ya ƙanƙance ya shiga wurin. Amma mayen haske ne, ƙofar haskensa mafi faɗi f/14 ce (duk yadda lambar f ta ƙaru, haka ƙofar ke tsukewa, haske ya ragu). Kada ya zama lensinka na farko.

Yanzu ga babbar matsalar. A girman 1:1, da babbar kyamara, idan ƙofar haske tana f/8, zurfin wurin da ke fitowa tar kusan milimita ɗaya ne. A f/16 ya zama kusan biyu. Ka ce to bari in ƙara tsuke ƙofar zuwa f/32, sai hoton gaba ɗaya ya yi laushi, saboda haske yana bazuwa idan ya bi ta ƙaramar kafa. Ga shi kuma a 1:1 hasken da ke isa ciki kashi ɗaya ne cikin huɗu na abin da lambar ta nuna. Ba yadda za ka yi ka samu komai da komai a lokaci guda, sai dai ka zaɓa, kuma abin zaɓa ido ne. Idan idon dabbar ya fito, mai kallo zai yafe maka sauran. Idan kana son jikin duka ya fito, juya kyamara ta fuskanci dabbar daga gefe, yadda kanta da bayanta za su kasance nisa ɗaya da lensi.

Kashe saitin da kyamara ke yi da kanta, yana ta kai-komo ne kawai ya ɓata maka ɗauka. Saita da hannu, sannan ka riƙa matsar da kyamarar gaba ko baya a kan 'yar dogon da ake ɗaurawa saman ƙafarta. Ga dabba mai tafiya, kada ka bi ta. Layin tururuwa ba ya canza hanya, don haka saita a kan wani ɗan tsakuwa da suke hayewa ka bar su su shigo hoto su fita.

Sauka ƙasa, lensi daidai da idon dabbar. Hoton da aka ɗauka daga sama shi ne abin da kowa ke gani kullum kafin ya taka ƙwaro ya wuce, ba wanda zai tsaya kallonsa. Jakar yashi a ƙasa ta fi ƙafar kyamara amfani a nan. Kuma idan ka kwanta, ka kwanta ke nan: gizo-gizo da kunama suna jin girgizar ƙasa ta ƙafafunsu, gyara zama ɗaya ya isa ya mayar da su rami. Iska kuma a tare ta da faifan roba mai haske, ko a ɗaure karan tsiron da wani sanda a wajen hoto.

Mataki na huɗu: haske, da zafin da ke biyo shi

Fitila mai zafi tana busar da ƙaramar halitta cikin mintoci, musamman masu laushin jiki irin su tana da dodon koɗi. Yi amfani da fitilar LED, ka kuma sa bayan hannunka a inda dabbar take. Idan ka ji ɗumi, to ita ta ji fiye da haka. Sa farar takarda ko farin ƙyalle tsakanin fitila da dabba, domin bayan buzuzu da na tururuwa suna ƙyalli, haske kai tsaye yakan bar farin tabo da ba ya gyaruwa wajen tacewa. Ga yanar gizo, gashin ƙafa da jijiyoyin fiffike kuwa, kawo hasken daga baya. Yanar da ba ka gani da rana sai ta fito zare-zare.

Da dare, farin haske yakan tsayar da abin da ka zo ɗauka. Ƙudan zuma da tururuwa da yawa ba sa ganin jan haske sosai, don haka jar fitila ta isa ka kafa kayanka. Idan kana son halin dabbar ba tare da ta san kana nan ba, akwai kyamarori masu gani da hasken infirared, wanda idon mutum ba ya gani, sai dai hoton baƙi da fari ne. Kunama tana da nata sirrin: a ƙarƙashin fitilar UV jikinta yana walƙiya kore-kore, ana hango ta daga nesa. Yi amfani da wannan wajen nemo ta da kuma ɗauka ɗaya ko biyu, sannan ka kashe, don tana jin hasken kuma yana canza mata hali. Sa tabarau mai kare ido, sa takalmi rufaffe, kada ka cusa hannu inda ba ka gani. Dutsen da ka ɗaga, ka mayar da shi yadda ka same shi.

Mataki na biyar: jan lokaci da taƙaita shi

Fim na yau da kullum hoto 24 ko 25 ne a daƙiƙa. Yawancin abin da ƙwari ke yi ko dai ya fi wannan sauri, ko ya fi shi jinkiri nesa ba kusa ba.

Ƙudan zuma yana kaɗa fiffike kusan sau 230 a daƙiƙa. Wayar da ke ɗaukar hoto 240 a daƙiƙa za ta ba ka kusan hoto ɗaya ke nan a kowace kaɗawa, ba za ka ga yadda fiffiken ke juyawa ba, amma za ka ga saukarsa kan fure da kyau, daƙiƙa ɗaya ta koma kusan goma. Fiffiken kansa sai kyamara mai hoto 1000 ko fiye, irin su Phantom, waɗanda galibi hayarsu ake yi. Lissafin haske kuwa ba sassauci: a hoto 25 ƙiftawar kyamara 1/50 na daƙiƙa ce, a hoto 1000 kuma 1/2000, wato kana buƙatar haske ninki 40. Gwada fitilarka tukuna, wasu masu arha suna ɓari-ɓarin da ido ba ya gani amma kyamara mai sauri tana kamawa. Idan kyamararka tana da tsarin da ke riƙe 'yan daƙiƙun da suka wuce kafin ka danna, kunna shi. Cafkar ƙoƙi-ƙoƙi tana ƙarewa kafin ƙiftawa da bismilla, yatsan mutum ba zai riga ta ba.

Ɗaya ɓangaren shi ne ɗaukar hoto ɗaya-ɗaya a jera a haɗa. Gizo-gizo mai yana zagayayya yakan gama saƙa cikin kamar awa guda. Hoto ɗaya duk daƙiƙa 5 zai ba ka 720, wato daƙiƙa 29 a allo. Kulle haske da saiti da hannu, rufe taga idan a ɗaki ne, haɗa kyamara da wutar da ba za ta yanke ba. Ga malam-buɗe-littafi mai shirin fitowa daga kwansonsa, a nau'o'i da yawa kwanson yakan canza launi har ka fara hango zanen fiffike ta ciki. Idan ka ga haka, kada ka yi nisa. Fashewar kwanson ta 'yan mintoci ce, a ɗauke ta da saurin yau da kullum, miƙewar fiffike kuma a taƙaita.

Mataki na shida: abin da ba ya ɗaukuwa a daji

Cikin ramin tururuwa, ƙarƙashin ƙasa inda tana ke tafiya, ko uwar kunama ɗauke da 'ya'yanta a baya, waɗannan galibi a wurin da aka shirya ake ɗaukarsu, kuma manyan masu shirya dokumentari ma haka suke yi. Gilashi biyu da 'yar tazara a tsakani, a cika da ƙasar wurin da aka ɗauko dabbar, a rufe da baƙin ƙyalle na 'yan kwanaki har ta haƙa hanyoyinta a jikin gilashin. Haske daga gefe, baƙin allo mai rami a gaban kyamara don kada inuwarka ta fito.

Ba laifi a yi haka matuƙar halin da aka nuna na gaske ne, kuma ba a ce wa mai kallo a daji aka ɗauka ba. Laifin yana wajen saka ƙwaro a firiji don ya daina motsi, ko liƙe masa ƙafa, ko haɗa dabbobin da ba sa haɗuwa don a samu faɗa. Ban da zalunci, fim ɗin ma ba ya kyau. Ƙwaro mai lafiya yana kaɗa siraran ƙahonnin kansa, yana goge ido da ƙafa, yana tsaye da ƙarfinsa. Wanda aka sanyaya kuwa a sake yake, kuma duk wanda ya san ƙwari zai gane. Idan an gama, a mayar da dabbar daidai inda aka ɗauko ta.

Mataki na bakwai: yadda ake nuna juyin halitta

Hali ana ɗaukarsa yana faruwa. Juyin halitta kuwa ba kyamarar da ta gan shi, don haka da abu biyu ake ba da labarinsa: burbushin da ya rage a duwatsu, da jikin waɗanda ke raye yau.

Burbushin yana gidajen adana kayan tarihi da jami'o'i, sai da izini. A Sikotland, kusa da Stonehaven, an samu wata 'yar ƙadandoniya mai kamar santimita ɗaya, Pneumodesmus, aka bayyana ta a 2004. Shekarunta sun haura miliyan 400, kuma a jikinta akwai ƙofofin shaƙar iska. Duwatsun Rhynie, su ma a Sikotland, sun adana ƙananan dangin gizo-gizo da wasu 'yan halittu masu tsalle na kusan wannan zamani. A mahaƙar kwal ta Commentry a Faransa aka samo Meganeura, mai kama da mazari, faɗin fukafukansa kusan santimita 70, ya rayu shekaru miliyan 300 da suka wuce. A 2018 kuma aka tsinci burbushin Arthropleura a gaɓar teku a Northumberland ta Ingila, dangin ƙadandoniya da aka kiyasta tsawonsa ya kai mita 2.6. Masana da yawa suna danganta wannan girma da yawan iskar oksijin ta wancan lokaci, wadda ake kiyasta ta kai kashi 30 cikin 100 ko fiye, alhali yau 21 ce.

Dutse ba ya motsi, wannan sauƙi ne. Kawo haske daga gefe ƙasa-ƙasa don zanen ya taso, ka matsar da kyamara a hankali a kan dogo. Ga ƙwaron da ya maƙale cikin ƙaron itace da ya daskare, kamar na ƙasar Myanmar mai shekaru miliyan 99, ɗauki hotuna da yawa kana matsar da saiti kaɗan-kaɗan, manhaja ta haɗa su su zama ɗaya mai fitowa duka. Kuma a ba mai kallo ma'auni: santimita 70 a baki ba ta da nauyi sai an ga zanen Meganeura kusa da mazarin yau.

Rayayyun su ne ke sa labarin ya yi rai. Ɗauki tarihin fiffike misali. Fara da ɗan ƙwaron nan mai launin azurfa da ke ɓuya cikin tsofaffin littattafai, wanda danginsa ba su taɓa yin fiffike ba. Sai mazari, mai fiffike huɗu da ba ya iya naɗe su a bayansa. Sai kyankyaso ko fara, masu naɗewa su shige tsaga. Sai buzuzu, wanda na gabansa suka taurare suka zama murfi, ɗauke shi da kyamara mai sauri yana ɗaga murfin yana warware na ciki. Sai ƙuda, wanda na bayansa suka koma 'yan ƙananan sanduna masu taimaka masa daidaita tashi. Dabbobi biyar, kusan duk ana samunsu ba tare da doguwar tafiya ba.

Amma a kula da harshe. Ƙwaron littafin nan na yau ba kakan mazari ba ne, shi ma ya yi tasa doguwar tafiyar. Abin da za a ce shi ne ya riƙe siffar da ta yi kama da ta farko. Kama kuma ba ta nufin dangantaka: gara tana zaman gari guda da sarauniya da sojoji kamar tururuwa, amma binciken ƙwayoyin halitta ya nuna kyankyaso ne danginta na kusa.

Mataki na takwas: tacewa, sauti da muryar mai bayani

Daƙiƙa 40 na zanzaro a allo wataƙila daga zuwanta 20 aka tsinto su, ko ma daga zanzaro biyu. An yarda da haka, muddin nau'i ɗaya ne kuma jerin abin da ya faru bai sauya ba. Kula da inda dabbar ta dosa: idan ta fita ta dama a wannan hoto, ta shigo ta hagu a na gaba, in ba haka ba mai kallo zai zaci ta juya. Tun a wurin ɗauka ka tara hotunan cike giɓi, irin su ganye, inuwa, ɗigon ruwa, ramin da ba kowa.

Yawancin ƙarar taku da tauna da ake ji a irin waɗannan finafinai a situdiyo ake ƙirƙirarsu, domin hoton da aka ja ba shi da sauti, kuma takun tururuwa ba ya shiga makirfo na yau da kullum. A yi shi da sauƙin hannu. Sautin da ke da ma'ana kuwa a ɗauko na gaske: kukan gyare, wanda namiji ke yi ta hanyar goga fukafukansa na gaba, ko bugun kai da sojojin gara ke yi a bangon suri don gargaɗi, wanda makirfo mai mannewa a jikin abu ke iya kamawa. Kada a ɗora kukan wani nau'in gyare a kan hoton wani.

Muryar mai bayani ta faɗi abin da ido ba zai gane da kansa ba, wato girman dabbar, sau nawa aka ja hoton, me ya sa take yin abin da take yi, sannan ta yi shiru. A guji cewa kunama ta fusata ko gizo-gizo yana kewar matarsa. Kowane ɗauka kuma a rubuta masa suna, rana, wuri, da ko a daji ne ko a wurin da aka shirya. Kafin fim ya fita, a tura wa mai nazarin ƙwari hotunan tare da rubutun bayanin ya duba sunayen nau'o'in da shekarun burbushin, tun ba a kai ga naɗar murya ba.